Ribar Hatsi da Baikon Godiya

Tambaya: Fada, barka da aiki. Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Kusan shekara 20 ke nan ina sayen masara da kaka in ajiye a sito, in fitar da ita idan damina ta yi tsakiya farashi ya tashi. Da wannan sana'a na gina gida, da ita nake biyan kuɗin makarantar yarana da na ƙannena. Bana an zaɓe ni shugaban bikin godiya da bazar, wato gwanjon tara wa coci kuɗi, na farish ɗinmu (cocin Katolika na yankinmu), kuma kowa yana sa ran zan buɗe da kuɗi mai tsoka. Amma tun ranar da aka karanta mana misalin da Yesu ya bayar na mai arzikin da ya rushe rumbunansa ya gina manya hankalina bai kwanta ba. Ranar nan kuma wata tsohuwa ta tare ni a bakin coci ta ce masarar da ta sayar mini da kaka ita ce ta dawo ta saya ninki biyu. Shin sana'ata haɗama ce? Idan akwai laifi a cikinta, abin da nake bayarwa a coci yana wanke shi? In karɓi shugabancin ko in ƙi?

Amsa: Ɗan'uwana cikin Almasihu, salama ta Ubangiji ta kasance tare da kai da iyalinka. Na yi murna da wannan tambaya, kuma ina roƙonka kada ka yi saurin neman abin da zai kawar da damuwar da ke zuciyarka, domin mutane da yawa sun ji wannan misali sau ba adadi sun fita daga coci kamar ba a karanta kome ba, kai kuwa ya taɓa ka. Tambayoyinka uku ne, amma ta biyun ce ta fi nauyi, kuma ita ce za ta kai mu ga maganar da ta shafe mu duka, har da ni da nake tsayawa a bagade.

Ikilisiya ba ta taɓa koyar da cewa mallakar dukiya zunubi ba ne. Yusufu mutumin Arimatiya mai arziki ne, kuma a kabarinsa aka sa jikin Yesu. Lidiya mai sayar da tufafi masu tsada ce, gidanta kuwa ya zama masaukin Bulus da abokan tafiyarsa a Filibi. Luka ya ambaci Yuwana da Suzana da waɗansu mata da yawa waɗanda suke ɗaukar ɗawainiyar Yesu da almajiransa daga abin hannunsu. Ayar nan ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 6 aya 10, da mutane ke yawan gutsure ta, cewa ta yi son kuɗi shi ne tushen kowace irin mugunta, kuma a cikin surar nan ɗin aka umarci masu arziki su guji girman kai, kada su dogara ga dukiya, su zama masu hannu sake. Ajiye hatsi ma yana da nasa gurbi a cikin Littafi Mai Tsarki, domin shawarar da Yusufu ɗan Yakubu ya ba Fir'auna ke nan: a tara a shekaru bakwai na ƙoshi saboda shekaru bakwai na yunwa. Da a ce kowa ya sayar ya cinye da kaka, da ba a sami ƙwayar masara a kasuwa a watan Agusta ba. Mai ajiya yana biyan hayar sito, yana sayen maganin ƙwari, yana biyan mai gadi, kuɗinsa yana kwance wata shida ko bakwai, kuma akwai shekarun da farashi ke faɗuwa ya tashi da asara ba wanda zai taya shi. Riba a kan wannan wahala halal ce, kada wani ya sa ka ji kunyarta.

To, idan haka ne, me ya sa Allah ya kira mutumin cikin misalin wawa? Ka koma Luka sura 12, daga aya 13 zuwa 21, ka karanta a tsanake. Abin da ya jawo misalin rigimar gado ce: wani ya ce wa Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, sai Yesu ya ƙi zama alƙalinsu, ya gargaɗi taron su yi hankali da kowace irin haɗama, domin ran mutum ba ya rataye a kan yawan abin da ya tara. Sa'an nan ya kawo labarin. Ba a ce mutumin ya yi sata ba, ba a ce ya ci iyakar gonar wani ba. Gonarsa ce ta yi albarka. Amma ka saurari shawarar da ya yi, za ka ga ba kowa a cikinta sai shi kaɗai: amfanina, rumbunana, kayana, raina. Bai ambaci Allah da ya ba da ruwan sama ba, bai ambaci 'yan ƙwadagon da suka yi noma da girbi ba, bai ambaci maƙwabcin da gonarsa ba ta yi ba. Da kansa ya yi shawara, kansa ya amsa wa kansa, kuma matsalar da ya gani guda ɗaya ce, wato rashin wurin ajiya. Waliyi Agustin, da yake wa'azi a kan wannan mutum, ya ce bai gane ba ne cewa cikin matalauta ya fi rumbunansa amincin ajiya.

Wanda ya fi kowa tona wannan misali shi ne Waliyi Basil na Kaisariya, birnin da ake kira Kayseri a Turkiyya ta yau. Wajen shekara ta 368 zuwa 369 aka yi fari da yunwa mai tsanani a yankinsu, masu hatsi suka kulle sito suna jiran farashi ya ƙara hawa. Basil ya sayar da abin da ya gada ya ciyar da mutane, ya kuma tsaya a gaban attajiran garin ya faɗa musu cewa burodin da suka ajiye na mayunwaci ne, rigar da ke cikin akwatinsu ta marar tufa ce, takalmin da ke ruɓewa a ɗakinsu na mai tafiya ƙafa ba takalmi ne. Na kawo shi ne domin ka ga cewa tambayarka tsohuwa ce a cikin Ikilisiya, kuma tun farko a kan hatsi da sito aka yi ta, irin naka.

Iyakar da ke tsakanin ajiya da ɓoyo tana nan a rubuce. Littafin Karin Magana, sura 11 aya 26, ya ce mai ɓoye hatsi jama'a za su la'ance shi, amma albarka tana kan wanda ya fitar ya sayar. Annabi Amos, a sura 8, ya yi kuka a kan 'yan kasuwar da suke ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe awo, suna rage mudu, suna ƙara farashi, suna murɗa ma'auni, suna sayar da har sharar alkama. Katikizim, wato littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 2409, ya lissafa abubuwan da suke daidai da sata ko da dokar ƙasa ba ta hana su ba, kuma a cikinsu akwai biyan ladan da bai dace ba, da tsawwala farashi ta hanyar cin gajiyar rashin sani ko ƙuncin wani, da haɗa dabara a murɗa farashi domin a ci riba a kan wasu. Sakin layi na 2537 kuwa ya shiga har cikin zuciya: ya ɗauko tsohuwar koyarwa ta ƙarni na 16 wadda ta ce cikin waɗanda suka fi bukatar a tuna musu ta goma cikin Dokoki Goma, wadda ta hana ƙyashin kayan wani, akwai 'yan kasuwar da suke fatan a yi ƙarancin kaya farashi ya tashi, da waɗanda ba sa son kowa ya saya ko ya sayar sai su. Maƙwabtanmu Musulmi ma, malamansu suna hani mai ƙarfi da ɓoye abinci, saboda haka a Dawanau ko a Saminaka ba za ka faɗi wannan magana a ce baƙuwa ce ba.

Ni ban san littafin cinikinka ba, kai ka san shi, don haka kai ne za ka yi wa kanka awo. Idan ka ji an ce ruwa ya ɗauke a wani yanki, ko an hana manoma shiga gonakinsu saboda rashin tsaro, mene ne yake fara zuwa zuciyarka, tausayin mutanen ko lissafin abin da buhu zai kai? Mudun da kake saye da shi, shi ne kake sayarwa da shi? Ka taɓa ba manomi taki ko kuɗi da damina, lokacin da ba shi da mafita, a kan zai biya ka da buhunan da kai kanka ka san sun ninka abin da ka ba shi? Kun taɓa haɗa baki da abokan sana'a ku riƙe kaya domin kasuwa ta bushe? 'Yan dakon da suke loda maka mota da yaran da suke ɗinkin buhu, suna tafiya gida da haƙƙinsu a ranar, kamar yadda Maimaitawar Shari'a sura 24 ta umarta, kafin rana ta faɗi? Idan ka amsa waɗannan a gaban Allah ka ga hannunka da tsabta, ka gode masa. Idan ka ga tabo, to ka san inda yake.

Game da tsohuwar nan, ba lalle ne ka zalunce ta ba. Mai yiwuwa ta sayar a farashin kasuwa na ranar, saboda kuɗin makarantar jika ko kuɗin magani sun matsa mata, kuma da kai ba ka saya ba wani zai saya. Amma kada ka tsaya a nan ka ce magana ta ƙare. Mai arzikin da ke cikin labarin Li'azaru, a Luka sura 16, shi ma ba a ce ya ƙwace kome daga hannun Li'azaru ba. Laifinsa shi ne matalaucin yana kwance a ƙofar gidansa kullum, shi kuwa yana shiga yana fita kamar ba mutum a wurin. Wannan tsohuwa ta sha kunya kafin ta buɗe baki ta faɗa maka abin da ta faɗa, kuma ku biyu kuna karɓar Jikin Almasihu daga bagade ɗaya.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, kuma amsarta a'a ce, ba tare da kwana-kwana ba. Baiko ba ya wanke haƙƙin wani. Littafin Sirak, sura 34, ya kwatanta mai miƙa hadaya daga dukiyar matalauta da wanda ya yanka ɗa a gaban idon mahaifinsa, kuma ban san wata magana da ta fi wannan zafi a kan batun ba. Yesu kansa, a Matiyu sura 5, ya ce idan ka kawo baikonka bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Ka lura da Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko: alkawari biyu ya yi, kuma bai haɗa su ba. Rabin dukiyarsa ya ba matalauta, wannan sadaka ce. Wanda ya zalunta kuwa ya ce zai mayar masa ninki huɗu, wannan biyan haƙƙi ne. Majalisar Vatikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika na duniya, ta faɗi abin nan a 1965 cikin jimla guda, cewa a fara biyan abin da adalci ya wajabta, kada a miƙa shi da sunan kyautar ƙauna. Saboda haka ne ma a wurin furta zunubi, wanda ya ci dukiyar wani yana ɗauke da wajibin mayarwa gwargwadon ikonsa, kuma gafarar da firist ya furta ba ta ɗauke masa wannan wajibi. Idan manomi yana binka buhu uku na zalunci, ka kawo buhu talatin gaban bagade ana tafa maka, buhu ukun nan suna nan a wuyanka, kuma mai su yana ƙauyensu, ba a ofishin farish yake ba. Idan ka san mutumin, shi za ka mayar wa, ko magadansa. Idan ba za a iya gano su ba, sai a ba matalauta a madadinsu. Ba dole ne ka tona asirinka ba, ana iya mayarwa a ɓoye, ko ta hannun wani amintacce.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma zai zama rashin gaskiya in sa ka a ma'auni in bar farish a gefe. Idan mutum kamarka ya kai ga tunanin cewa kuɗin bazar yana iya wanke laifi, daga wurinmu ya koya, domin mu ne muke karɓar ambulan ba mu tambayi kome ba, mu ne muke kiran sunan mai bayarwa a lasifika mu sa mawaƙa su yi masa waƙa. Bikin godiya abu ne mai kyau ƙwarai, kuma tushensa yana cikin Maimaitawar Shari'a sura 26, inda manomi yake kawo nunan fari a kwando ya tuna cewa kakansa baƙo ne marar ƙasa, Allah ne ya ba shi gonar. Amma a surar nan ɗin an faɗi masu cin rabon: Balawe, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. Bazar ma ba laifi ba ne, coci yana bukatar rufi, gidan Fada yana bukatar gyara, kuma gwanjon doya da akuya cikin raha yana ƙara zumunci. Ɓarnar tana shigowa ne lokacin da bikin ya koma gasar nuna arziki, a jera manyan baƙi a kujerun gaba bisa ga abin da ake tsammani daga aljihunsu, a tsayar da ibada ana ta kiran adadi daga babba zuwa ƙarami har a kai inda masu ɗari biyu za su taso a gurguje. Yakubu ya riga ya zana wannan hoto a sura 2 ta wasiƙarsa: mai zoben zinariya a ce masa zauna nan wuri mai kyau, matalauci a ce masa tsaya can. Majalisar Vatikan ta Biyu kuma, a koyarwarta ta 1963 a kan ibada, ta ce ban da girman da ya dace da masu hidima da hukumomin ƙasa bisa ƙa'ida, kada a fifita wani mutum ko wani aji a cikin ibada.

Ni kaina na yi wannan kuskure. A wani farish da na yi hidima muna ginin sabon coci, ni ne nake riƙe lasifika ina kiran sunaye da adadi, ina ganin kamar ƙarfafa mutane nake yi. Bayan shekara biyu sai wata uwa daga Zumuntar Mata ta faɗa mini cewa akwai mata da yawa da ba sa zuwa Mas ranar godiya, domin abin da suke da shi bai wuce tiyar gero ba, kuma ba za su iya fitowa da ita a bayan masu buhu ba. Ranar da aka keɓe domin kowa ya gode wa Allah ita ce ranar da na kori matalauta daga gidansa, ban kuwa sani ba, domin idona yana kan jimlar kuɗin. Muna son yin wa'azi a kan gwauruwar da ta saka 'yan tsabar kuɗi biyu a baitulmali, a Markus sura 12, amma sau da yawa muna tsallake ayar da ta gabace ta, inda Yesu ya la'anci malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da dogayen addu'o'i.

Abin da ya fi wannan muni shi ne a ɗaura sakramenti, irin su baftisma, a kan kuɗi. Kundin dokokin Ikilisiya na 1983 bai bar wata kafa ba. Doka ta 848 ta ce mai hidima kada ya nemi kome fiye da baikon da hukumar Ikilisiya ta ƙayyade, kuma ya kula kullum kada a hana mabukata sakramenti saboda talauci. Doka ta 1181 ta ce a jana'iza kada a nuna fifiko, kada kuma a hana matalauta jana'izar da ta dace. Doka ta 947 ta ce ko kamannin ciniki kada a gani a baikon Mas, doka ta 945 kuwa ta roƙi firistoci su yi Mas saboda bukatun mabukata ko da ba su kawo kome ba. Fafaroma Francis ya yi magana da zafi a watan Nuwamba na 2014 a kan majami'un da ake manna jerin farashin baftisma da albarka da Mas, ya ce wannan abin tuntuɓe ne ga jama'ar Allah. Duk da haka har yanzu ana jin labarin gawa tana jira ana duba kati a ga ko mamacin ya biya kuɗaɗen shekara, ko iyayen da suka fasa kawo jariri baftisma saboda bashin harajin gini. Kwamiti yana da ikon tunatar da mutane alhakinsu, amma ba shi da ikon rufe ƙofar sakramenti, firist ma ba shi da shi.

Haka kuma zancen zakka, wato ba coci kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu. Doka ta 222 ta wajabta wa masu bi su taimaka wa bukatun Ikilisiya, Katikizim kuma ya ce kowa gwargwadon ikonsa, amma dokar Ikilisiya ta duniya ba ta yanka kashi 10 cikin 100 ta ce wanda bai kai ba yana ƙarƙashin la'ana ba. Wanda ya zaɓi ya ba da zakka da yardar ransa ya yi abu mai kyau. Sashe na biyu na dokar nan ta 222, wanda ba a cika karanta mana ba, ya wajabta wa masu bi su tsaya wa adalci a cikin al'umma, su kuma taimaki matalauta daga abin hannunsu. Koyarwar nan da ta shigo mana daga waje, wai ka shuka iri na kuɗi Allah ya mayar maka ninki ɗari, haɗama ce aka sa mata rigar bangaskiya, domin mai bayarwar riba yake nema, mai karɓar ma haka. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi baiwar Allah, Bitrus kuwa ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi.

Tun da za ka shugabanci tara kuɗi, ya kamata ka san abin da doka ta ce a kan kashe su. Bisa doka ta 1254, dukiyar Ikilisiya tana da manufa uku: ibada, da kula da firistoci da sauran masu hidima, da ayyukan bishara da jinƙai, musamman ga mabukata. Doka ta 537 ta wajabta kowane farish ya kasance da kwamitin kuɗi. Doka ta 1287 ta ce masu riƙon dukiya su ba jama'a bayanin abin da suka bayar, bisa tsarin da dayosis, wato yankin da bishop yake kula da shi, ya shimfiɗa, doka ta 1267 kuma ta ce abin da aka bayar domin wata manufa ba a karkatar da shi zuwa wata. Wadda ta fi damuna ita ce doka ta 1286, mai cewa a biya ma'aikatan Ikilisiya lada na adalci wanda zai riƙe su da iyalinsu. Katikis, wato malamin coci na ƙauye, shi ne yake koyar da masu shirin baftisma, shi yake jagorantar sujada ranar Lahadin da Fada bai zo ba, shi ake tasa da tsakar dare idan wani yana bakin mutuwa, amma a wurare da yawa abin da ake ba shi a wata ba zai sayi buhun masara ba, wani lokaci ma sai a yi watanni ba a ba shi ba, alhali ana shimfiɗa tayil a coci. Farish ɗin da ya yi haka ya aikata daidai abin da na gargaɗe ka a kai game da 'yan dako. Waliyi Yohanna Kirisostom ya tambayi mutanen zamaninsa amfanin cika teburin Almasihu da kofunan zinariya alhali shi kansa yana mutuwa da yunwa a waje. Ya ce a fara ciyar da shi, sa'an nan a ƙawata teburin da abin da ya rage. Mu firistoci ma doka ta 282 ta umarce mu mu yi zaman sauƙi, abin da ya ragu bayan bukatunmu mu mayar ga amfanin Ikilisiya da ayyukan jinƙai, kuma ba zan ce dukanmu muna cika ta ba.

Saura tambayarka ta uku. Shawarata ita ce ka karɓi shugabancin. Ƙin karɓa ba zai ƙara wa kowa ko mudu ɗaya ba, mai arziki kuwa yana iya faɗin abin da idan talaka ya faɗa za a ce hassada ce. Kafin ka amsa, ka je wurin Fada na farish ɗinku da kwamiti, cikin ladabi, ka nemi a yarda da waɗansu abubuwa. A daina kiran adadin da mutum ya bayar a cikin Mas, kowa ya fito da iyalinsa ko unguwarsa ko ƙungiyarsa, mai buhu da mai tiya a layi ɗaya, gwanjo kuma a yi shi a waje bayan an tashi. A faɗa wa jama'a tun kafin ranar abin da za a yi da kuɗin, a kuma karanta musu lissafin bayan an gama. A ware wani kaso sananne domin gwauraye da marayu da waɗanda rikici ya raba da gonakinsu, a kuma biya bashin katikis da mai dafa abinci da mai gadi kafin a sayi bulo ko guda. Mai yiwuwa wasu su ce idan ba a kira suna ba kuɗi zai ragu, kuma mai yiwuwa ya ragu a shekarar farko. Inda na gwada, waɗanda suka daina zuwa sun dawo, wannan kuwa ya ishe ni dalili.

Naka baikon ka ba da shi yadda Matiyu sura 6 ta ce, hannun hagu bai san abin da na dama ya yi ba, amma bayan ka gama binciken littafinka ka mayar da abin da ya kamata a mayar. Sa'an nan ina roƙonka abu ɗaya da kai kaɗai za ka iya a farish ɗinku, domin kai ne mai sito da sanin kasuwa. Da kakar bana ka ware waɗansu buhuna, adadin da kai da maiɗakinka kuka ga za ku iya, ka rubuta a jikinsu cewa ba na riba ba ne. Idan Yuli da Agusta suka zo, lokacin da rumbun talaka ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, a fitar da su mudu-mudu a farashin da ka saya, ga wanda ba shi da ko wannan kuma a ba shi kyauta. Ƙungiyar Waliyi Vincent de Paul mai taimakon matalauta, idan kuna da ita, ko shugabannin Zumuntar Mata, sun san gidajen da ba a ɗora tukunya ba, kuma kada a tambayi mutum cocinsu ko addininsa kafin a auna masa. Ka kuma yi tunanin manoman da suke sayar maka saboda matsi: idan ka ranta wa irinsu kuɗin makaranta ba ruwa, ko ka ajiye musu nasu a sitonka a kan ɗan kuɗin haya har farashi ya gyaru, ka toshe ramin tun daga inda yake farawa.

Tsohuwar nan kuwa kada ka aika mata yaro da buhu. Ka je gidanta da ƙafarka, ka gaishe ta kamar yadda za ka gai da mahaifiyarka, ka zauna ka tambaye ta abin da ya sa ta sayar da masararta da wuri, ka saurara har ta gama. Bayan haka sai ka je wurin furta zunubi da abin da ka gano a littafinka da abin da ka ji daga bakinta, kafin Lahadin godiya ta zo.